Ɗan Akwatin Shafi na Uku

Shafi na ɗaya, suna: Haladu Sahabi.
Shafi na biyu, makaranta, difloma kan ajiyar kaya,
lambar waya, da wanda zai tsaya mini.
Duk nan biro gudu yake, ya san hanya.
A shafi na uku yake cijewa.

Wani ɗan akwati ne, bai kai ƙwayar wake ba.
Gefensa tambaya cikin Turanci mai ladabi:
kotu ta taɓa kama ka da laifi?
E, ko a'a.
Ba a bar ko layi ɗaya ba
inda mutum zai ce, ku tsaya ku ji yadda aka yi.

To ga yadda aka yi.
Talata ce, a Ojota, bana shekara tara.
Gadar ƙafa na can gaba, ni kuwa na makara,
motar albasa na jirana a Ketu.
Na duba hagu, na duba dama, na keta titi a guje.
Ban bangaje kowa ba. Ban ɗauki ko allura ba.
Ina taka ɗaya gefen, hannu ya damƙi ƙugun wandona.

Kotun a cikin mota take.
Alƙali bai ɗago kai ba: tara, ko wata guda.
Aljihuna naira ɗari bakwai da ɓarin goro.
Kwana ashirin da uku na yi a Kirikiri
kafin Kawu Ɗanjummai ya sayar da keken ɗinkinsa.
Sun shafa wa yatsuna goma tawada.
Na wanke da omo, na dirje da toka da lemon tsami,
ta bar fata.
Ashe takarda ta koma da zama.

Ikeja sun ce za su kira.
Ilupeju sun ce za su kira.
Wayata har sabon batir na saya mata.

Tasi'u ya ce, kai ma da wauta,
nan fa Ikko ce, wa ya san wani? Ka ce a'a mana.
Sau ɗaya na bi shawararsa, a wani sito a Apapa.
Wata uku makullai na hannuna,
ko kwalin ashana bai yi ƙafa ba.
Sai aka ce kowa ya kawo takardar 'yan sanda daga Alagbon.

Madam Adebimpe ta ba ni kujera,
ta ba ni ruwan sanyi,
tana magana tana kallon kalanda.
Ta ce ba titin ne ya dame su ba,
ita ma ta sha ketawa.
Ƙaryar ce.
Na ajiye makullan a hankali, kada su yi ƙara.

In na ce e, shiru.
In na ce a'a, maƙaryaci.
Gaba kura, baya sayaki,
ni da biro a tsakiya.

An ce laifi tudu ne.
Nawa dai gada ce, matakala hamsin da huɗu,
kullum sai na hau ta, ko titi ya zama fayau.
Daga sama nakan leƙa:
ga mai kwat da jaka yana ketawa,
ga mai hijabi da goyo, ga wani da kakin gwamnati.
Ba na yi musu fatan hannu a ƙugu.
Ina dai kallo.

Rumaisa takan ce, Baba, ƙafata ta gaji,
ga shi can kowa ta ƙasa yake bi.
Nakan ɗaga ta a matakala ta talatin.
Ban gaya mata ba tukuna.

Gobe ƙarfe tara, wani kamfani a Oregun.
Na goge riga. Fom na cikin leda saboda ruwa.
Shafi na ɗaya cike, na biyu cike.
Na uku na bar shi sai na isa,
in ga fuskar wanda zai karɓa.