Sandar Gindin Kututture

A kantin Clovis Guidry, daf da gadar Henderson,
sandunan fatsa sun jeru a bango
kamar raken da ya tsere wa masu yanka.
Na shiga da ta babana a hannu, gida biyu.
Ranar Lahadi ta karye
a bakin kifin da ko bayansa ban gani ba.

Clovis bai yi mini jaje ba.
Ya ce, "Ina kike jefawa, Odalie?"
Na ce, "Inda kowa ke gudu.
Gindin kututture, ƙarƙashin kainuwa,
cikin saiwoyin da suka sarƙe kamar rigimar gado.
Can babban-baki yake kwanciya, ya ba rana baya."

Ya sauko da guda, ƙafa bakwai da inci uku.
"Wannan wurin ba ya son mai ladabi da yawa.
Sanda mai laushi, kifi zai ja ta ya shige gida,
ya naɗe zarenki a saiwa sau uku,
ya bar ki da addu'a.
Ki nemi mai taurin gindi, mai kunya a baki:
tsininta ya rusuna kaɗan,
sauran jikin ya ce a'a."

Sai ya ɗora tsinin a maƙogwaronsa,
ya ce in riƙe ƙotar, in rufe ido.
Ya ambaci sunan matarsa da ta rasu, a hankali,
Eulalie,
sunan ya bi sandar, ya sauka a tafina
kamar tafiyar tururuwa.
"Haka cizon yake," in ji shi. "Ba ya sallama.
Ɗan ƙyas ne. In sanda kurma ce, ya wuce ki."

Akwai wata mai ƙyalli, dala ɗari huɗu,
na ɗaga ta, ta yi mini kyau,
amma kanta ya rinjayi gindinta,
wuyan hannuna kuwa shekara goma sha tara yana walda
a tashar jiragen Morgan City.
Jifa ɗari biyar kafin la'asar
ba wasan mai ciwon hannu ba ne.
Na mayar da ita. Ba ta ji haushi ba.

Ya ajiye gwangwanin kofi a ƙarshen kanti,
bayan buhunan gawayi, taku goma sha biyu.
Ya ɗaura mini dalma rabin oza
mai ƙugiya a ɓoye cikin bujen roba,
baƙi da shuɗi, kalar ƙujewa.
"Kar ki wurga. Lilo za ki yi mata.
Sauke tsini, saki, ɗaga.
Ta tafi ƙasa-ƙasa kamar gulma."
Na farko ya daki buhu.
Na biyu ya kori kyanwa.
Na uku, ƙwal, cikin gwangwani,
hannuna bai ce komai ba.

Dala ɗari da ashirin, babu ragi.
Ya karɓi guntayen ta babana, ya juya su,
ya cire zoben ƙarshe da wuƙa,
ya sa mini a aljihun riga.

Asuba ta same ni a fadamar Atchafalaya,
inji a kashe, sauro a farke,
itatuwa tsaye cikin ruwa har gwiwa
da gemun gansakuka.
Ga wani rami tsakanin saiwa biyu,
faɗinsa bai fi bakin gwangwani ba.
Na sauke, na saki, na ɗaga.
Dalma ta shige sulum, ruwa bai farka ba.

Ɗaya. Biyu.
Zare ya tsaya inda bai kamata ya tsaya ba.
Can ƙasa, cikin duhu,
wani ya ambaci suna a tafin hannuna.