Talatin da Ɗaya

Kwana biyu da barin Galveston,
da asuba na jefa ma'auni daga gefen jirgin tsoho Khiem,
igiya na zarewa ta tsakanin yatsuna.
Digiri talatin da ɗaya.
Khiem bai ko dubi gilashin ba.
Ya tsoma hannu cikin guga har gwiwa, ya yarfe,
ya ce, "Ruwan wankan jariri."
Bai yi dariya ba.

Shekara arba'in yana jan komar jatan lande a nan.
Ni shekara uku kacal ina cika littafi da lambobi,
ga abin da na karanto:
in fuskar teku ta haura ashirin da shida da rabi,
ɗumin kuma ya nutsa kusan gaba talatin,
to an hura murhu.

Na ƙara sakin igiya.
Gaba goma, ɗumi.
Gaba ashirin, ɗumi.
Igiya ta ƙare, sanyi bai amsa ba.

Tururi ba ya sallama in zai tashi.
Ya bar ruwa goye da zafin da rana ta ba shi ajiya tun bazara,
ya hau, ya hau, har sanyin sama ya tare shi,
ya koma ɗigo, ya kwance goyon.
Zafin da ya sauke shi ke ƙara tunkuɗa iska sama.
Ƙasa ta zama gurbi.
Iskoki su rugo cikewa ta kowace kusurwa,
juyin duniya ya murɗe musu ƙafa,
sai zagaye.
Gajimare auduga, teku mai kaɗi,
mazari na juyawa, zare na kauri,
a tsakiya ido ɗaya, shiru, ba ƙiftawa.

Makon jiya Gwaggo Kuluwa ta kira ni daga Ringim.
Hadari ya haɗo daga gabas, in ji ta,
ya sauke har gero ya kwanta don ƙoshi.
Na ce alhamdu lillahi.
Ban gaya mata ba cewa irin wannan hadarin,
in ya gama da gonarta, yamma yake yi,
ya ratsa Mali, ya tsallake Dakar, ya faɗa teku da ƙafar yaro.
In ya tarar da ruwan sanyi, can zai rame ya watse,
ba mai jin labarinsa.
In ya tarar da irin wanda ke cikin gugan Khiem,
zai sha, ya yi ƙiba,
a raɗa masa suna a rediyo ba tare da an yanka rago ba,
ya biyo ni har ƙofar gida, ɗan garinmu,
bai gane ni ba.

Wani sa'in iskar sama kan sare mata kai tun tana ƙarama.
Wani sa'in garin haɗama guguwa ta tono sanyin ƙarƙashi,
ta kurɓa, ta mutu.
Bana me za ta tono?

Ruwa ba ya tsami banza, haka ake cewa a gida.
Na rasa yadda zan juya wa Khiem maganar,
sai na nuna masa littafin.
Ya tura shi gefe da bayan hannu, ya tayar da inji.

Mun iso gari ana ta bugun guduma.
Maƙwabciyata Loretha na kan tsani, ƙusa uku a baki,
tana rufe taga da katako.
A bangonta akwai layin da ruwa ya ja shekarun baya,
ta hana a shafe shi da fenti.
Ya kai ni kafaɗa.
Ta cire ƙusa ɗaya ta ce, "Nawa?"
Na faɗa mata.
Ta miƙo mini gudumar.