Rigar Ƙusa

Kakana Tsalha kuza ya haƙa a Bisichi,
shekara talatin da ɗaya, laka har gwiwa.
Bai taɓa ganin inda take zuwa ba.
An dai ce masa can ƙetare ake shafa ta a jikin gwangwani
don kada tsatsa ta ci.
Yakan ɗaga gwangwanin madara a rana, ya ce:
"Wannan ƙyallin gumina ne."

Ni ma shafe nake yi, Kaka,
a wani ɗaki kan hanyar Bauchi
inda sanyin Jos ke shigowa ta tagar da ta ƙi rufuwa.
Sai dai shafenka cewa yake wa ƙarfe: kada ka mutu.
Nawa cewa yake: mutu, amma ba yau ba.

Magnesiyam sunansa.
Ba nauyi, sai ka ce ƙashin tattabara.
Jiki bai ƙi shi ba, ya san shi tun a gyaɗa da alayyafo.
A yi ƙusa da shi, a ɗaure karaya,
ya narke da kansa, ba sai an sake tsaga mutum ba.
Aibinsa gaggawa.
Baƙo ne mai laluben takalmi
tun ba a sauke tukunya ba.
Da ya ji gishirin jini sai ya hau kumfa,
iska ta taru ƙarƙashin fata,
ƙashi ɗan mako huɗu, ɗanye sharaf,
ya waiga, ba madogara.

Ngo Kachollom nake tunawa, mai dankali a Farin Gada,
wadda santsi ya kayar da kwando a ka.
Sau biyu aka kwantar da ita,
ran sa ƙarfe da ran cire shi.
Na farko ya ci awakinta.
Na biyu ya ci jarin.
Yanzu wata take auna wa, da hannun hagu.

Shi ya sa nake ɗinka wa ƙusa riga.
Wata da gishirin da ake gina ƙashi,
wata da ɓawon jatan lande,
wata kuwa wanka nake mata da lantarki,
tartsatsi na tashi a ƙarƙashin ruwa
kamar taurari sun faɗa rijiya.
Duk kaurin rigar bai kai gashin gira ba.

Kwalba goma sha biyu, ruwan gishiri mai ɗumin jiki.
Kowace Talata in tsamo, in shanya, in ɗora a sikeli.
Ta bakwai tsaga ɗaya ta yi, ido ma bai gani,
ruwa ya sami ƙofa,
kwana tara na tarar da toka.
Ta huɗu ta ƙi motsi sam,
na cika mata kauri, ta zama irin taka, Kaka,
ita ma ba ta ci jarrabawa ba.
Ran da aka ɗauke wuta kwana biyu, janareta ba mai,
ruwan ya huce, lissafin wata uku ya bi iska.
Na zauna a matakala ina gaigayar gasasshiyar masara,
ban amsa gaisuwar kowa ba.

Jiya na bi ta Bisichi.
Ramukanku na nan, cike da koren ruwa,
ƙasa ba ta haɗe ba har yau,
yara na wanka inda aka hana su.
An kwashe ƙyallin, an bar mana tabon.

Ta goma sha ɗaya fa, ban gaya wa kowa ba tukuna.
Mako goma sha shida ke nan
tana ramewa sannu, kamar sabulun mai tattali.
In da cikin hannu take,
da yanzu ƙashi ya fara karɓar kayansa.
Yau ma na auna ta.
Ta ɗan rage, daidai yadda na roƙa.
Na rubuta da biro ja,
na hura hannuna don sanyi,
na mayar da ita cikin ruwa.