Wuƙa Ta Jira

Shekara ashirin da uku ina yanka a Ƙofar Marusa,
almakashi bai taɓa tambayata dalili ba.
In yadi ya yi yawa, a rage.
In ɗinki ya karkace, a farke.
Iyakar abin da na sani ke nan.

Kwana shida gefen dama na cizo,
ina ce masa ƙaba, ina jiƙa masa kanwa,
ina taka keke da ƙafar hagu ita kaɗai,
har ranar da yarona Iro ya tsince ni
a dunƙule bisa tarin ƙyallaye,
jiki kamar dutsen guga.

A babban asibiti suka shafa mini mai mai sanyi,
na'ura ta yi ta kiwo a ƙasan cibiyata.
Likita Sada ya juyo mini da allon:
wani baƙin tabo, kamar ƙwan zabo.
Ya ce, "Afendis ne, ya fashe tun tuni,
amma cikinka ya yi maka dabara.
Hanji da kitse sun taru
sun yi wa mugunyar shinge."

Na ce, "To a yanka mana, in koma shago,
yunifom arba'in na 'yan firamare na jirana."

Ya dubi kantar da ke yatsuna.
"Malam Rabe, ka taɓa ɗinka yadin da ya ruɓe a ruwa?"
Na ce, "Zare ba ya kama shi."
Ya ce, "Haka hanjinka yake yau.
Wuƙa ta jira."

Sai suka zura mini roba, siririya kamar zariya,
ɗaya bakinta a leda, a gefen gado.
Abin da ya fito, Lantana ta kau da kai,
ta ji kunyar kau da kan, ta juyo ta riƙe hannuna.

Ƙarin ruwa yana ɗiga.
Ban taɓa ganin ɗinki mai nawa irin wannan ba,
ɗigo, a tsaya, ɗigo.
Allura uku a yini.
Furar da aka kawo mini, na ƙurya ya sha.
Kawu Abashe ya leƙo ya ce,
"Wane irin asibiti ne ba ya fiɗa?"

Dare na uku zazzaɓi ya dawo da ƙarfinsa.
Likita ya tsaya a kaina, bai ɓoye mini ba:
"In bai sauka da safe ba, ɗakin tiyata a buɗe yake."
Na kwana ina ƙirga ramukan silin.
Kafin kiran assalatu zufa ta karyo,
har zanin gado ya jiƙe.

Kullum nas tana ɗaga ledar tana rubutawa:
ɗari da ashirin,
saba'in,
talatin,
sannan ɗan abin da bai kai cokali ba.
Ban taɓa murnar ganin ciniki yana raguwa ba sai nan.

Rana ta tara aka zare robar.
Ƙofar da ta bari ba ta kai gidan maɓalli ba.
Aka ba ni ƙwayoyi, aka ce kar in tsallake ko ɗaya,
in dawo bayan sati shida a sake hoto,
sannan a san abin yi.

Na tarar Iro ya gama yunifom.
Aljihu goma sha ɗaya sun kalli gabas.
Na ɗauki almakashi,
na juya shi a hannu,
na mayar da shi cikin aljihun keke.
Na ce, "Bar su su kwana tukuna."