Shafi na Arba'in da Ɗaya

A bakin Kasuwar Dole, jikin bangon masu gyaran keke,
Iya Tasalla na ƙunsa gyaɗa
da takardun da ta saya a kilo.
Ba ruwanta da abin da suka ce,
ita dai su riƙe gishiri.

Ran Talata Zuwera ta sayi ta dala biyar,
ta warware ƙunshi, sai ga giwa,
rabin kunnenta ya sha mai.
Ta tsaya tsakiyar hanya tana haɗa baƙi
har mai amalanke ya daka mata tsawa.

Ni kawunta ne, tela a Zango,
zare ya fara ɓace mini a kafar allura.
Ta shimfiɗa takardar bisa kekena:
"Kawu, wai giwa sai ta kusa shekara biyu da ciki."
Na ce to, Allah ya sauke ta lafiya.

Tun ranar kuɗin kalaci ya koma gyaɗa.
Laraba ta zo da wata,
wai ba shi da hasken kansa, wajen rana yake aro.
Na ce ashe ɗan'uwan Mutari ne, mai zuwa biki da rigata.
Alhamis, da kasuwa ta cika, ta samo uku:
ayarin gishiri daga Bilma,
tururuwa ɗauke da abin da ya fi ta,
da wani shafi mai cewa
hamadar nan ta arewa da mu
ta taɓa yin tafki da ciyawa, har dorina na iyo.
Nan kam na ajiye almakashi.
Mu da ke tashi da asuba
mu saurari famfo ko zai yi tari!

Shafi na tara, na sittin, na sha biyu,
ba su zo a jere ba, kamar 'yan gida ɗaya a gidan suna.
Na haɗa su da baƙin zare,
na yi musu riga da ragowar shaddar wani alhaji.

Sai na arba'in.
Hawainiya a kan reshe, ido ɗaya gabas ɗaya yamma,
layin ƙarshe ya ce:
"Tana sauya launi ne saboda"
Shi ke nan. Takarda ta ƙare.

Iya Tasalla ta ce ina za ta sani,
ƙila ya bi direban Tanut,
ƙila akuya ta karanta shi.
Mushe a lakwal ya ce zai duba.

Zuwera ba ta jira ba.
Bayan duwatsun Birni akwai wata garka mai lalle,
can take yini ran Lahadi
da kaye da guntun fensir,
ita da hawainiya, kowa na kallon kowa.
Na ce hawainiyarki dai ta kiyayi ramar mutane.
Ko dariya ba ta yi ba.

Jiya na ɗinka mata farar takarda a gurbin.
Da ta yi barci na sa tabarau na leƙa.
Da safe, da sanyi: ta yi duhu.
Da rana ta take: ta yi haske.
Da na matsa kusa: ta kumbura, ta yi baƙi.
A ƙasa, da rubutu mai karkata kamar katangarmu:
ban gama ba tukuna,
kada kowa ya ƙunsa gyaɗa da wannan.