Tsawa, Ɗan Maƙeri

Ni na tsaya a maƙera, shi ya tafi.
Tanimu, wana, wanda Baba ya ɗora kan zuga-zugi
yana ɗan shekara bakwai.
Masaba ta faɗi, ya amsa mata da diddige,
ya manta da wuta yana ƙirga bugu,
har bakin garma ya huce.
Baba ya ja masa kunne:
"Wuta nake so, ba rawa ba."

Gwangwanin man girki, reshen aduwa,
wayar birkin keken Malam Hashimu da ya kwance da dare.
Ranar da ya fara kaɗa ta a bayan rumbu
awakin Inna suka tsinke igiya.
Ni kaɗai na zauna,
don ya yi mini alkawarin rabin ƙosai.

A kan buhunan riɗi ya bar mu,
motar Gujungu mai zuwa Kano,
ba sallama, sai takalminsa ɗaya da ya faɗo a kwana.
Shekara huɗu Inna na ajiye da shi.

Sai wata safiya a teburin mai shayi
rediyo ta yi wani kuka irin na ƙarfe a kan ƙarfe,
murya ta biyo, kamar magagari a bakin lauje.
Tsofaffi suka ce, wannan ba garaya ba, ba gurmi ba,
kiɗa ne ko injin niƙa?
Na ajiye kofi. Na san bugun nan.
Uku a jere, ɗaya a makare,
hannun Baba ne sak.

Tsawa suka sa masa.
Jita mai shan lantarki, gashi ya bari ya yi tsiri.
Shi ke rubuta abinsa a littafin 'yan firamare:
rijiyar unguwarmu da ta rufta,
takin da ake rabawa bayan an yi girbi,
yarinyar da ta ƙi shi don hannunsa duk gawayi.
Bai yi wa mai kuɗi kirari ba ko sau ɗaya,
abin da ya ɗaga shi ke nan, shi ya kuma cinye shi.

Baba bai taɓa cewa ya ji ba.
Amma in an sa kaset ɗin a shagon mai faci,
masabarsa kan bi sawu,
in na dube shi ya ce, "Zuga mana."

Yamai, Agadas, har hayin teku.
Hoto ya zo, yana cikin rigar sanyi kamar buhun auduga.
Kuɗin kwano suka zo, muka sauke jinka.
Ya dangwala hannu a takardar da bai iya karantawa ba,
waƙoƙinsa suka zama gonar wani,
shi kuwa ɗan ƙodago a cikinta.
Daren da muka kai Baba makwanci
yana kan dandamali, fitilu na wasa a fuskarsa.
Saƙo ya same shi bayan sadakar uku.

Da damina ya dawo, a bayan ɗan acaɓa,
jitar a cikin buhun taki,
kunnen hagu ya mutu, na dama na bin sa.

Yanzu ga shi nan a kan turmin da aka kife.
Samari kan zo gyaran fartanya
wayarsu na rera shi yana ɗan talatin,
su ce, "Tsoho, matsa mana."
Ya matsa.
Ba ya jin su, ba ya jin kansa.

Sai dai in na ɗaga masaba
yakan ɗora tafin hannu a gindin uwar maƙera,
ya lumshe ido, ƙarfe na gaya masa ta ƙashi.
Jiya ya buɗe ido ya harare ni:
"Jafaru, kana gaggawa a na huɗun.
Jira shi. Baba jiran sa yake yi."