Rawaya Nawa Ka Gani?

Guda tara na tsinko a gonar kamfani,
bayan Sinnar, inda hanya ke karkata zuwa Mai Wurno.
Mai gadi ya gan ni, ya kau da kai.
Wataƙila ya ɗauka yunwa ce.

Na tsoma su a tsohon tulun Goggo Tasalla,
wanda bakinsa ya gutsure tun shekarar ambaliya.
Ta leƙo, ta riƙe haɓa:
"Furen rana ai mai ne, ɗan nan.
Kwana arba'in muna yankan kawunansu
har tafin hannu ya yi kanta,
yau ka ɗora su a kujera kamar baƙi?"

Usta Barmo ne ya ja mini.
Shekara talatin yana rubuta Hasbunallahu
a ƙeyar manyan motoci,
yana zana zaki da dabino a ƙofar masu gahawa.
A ƙasan akwatin buroshinsa
akwai shafin kalanda, ninki huɗu,
aikin wani gwani na ƙasar sanyi
da ya mutu tun kakanninmu na tafe da ƙafa,
suna tambayar hanyar Makka.
Furanni ne a tukunya, shi ke nan.
Amma sai Usta ya goge hannu a riga
kafin ya buɗe.

"Rawaya nawa ka gani?"
Na ce uku. Ya ce koma.
Na ce bakwai.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Ni ina kan sha ɗaya ido ya tafi."

Na ɗaure yadin damuriya a katakon taga.
Fentin mai daga Wad Madani, bututu biyar,
kuɗin akuyata ke nan.
Ran farko duka tara na tsaye,
kowa da girman kansa,
suna neman rana a ɗakin da ba ta shiga.
Ran na uku ɗaya ya sunkuya
kamar tsoho bayan la'asar.
Na kankare, na sāke.
Kafin in gama wuyansa na kusa ya bi shi.

Ashe abin da ke zaune ma tafiya yake.

Ran na biyar rawaya ta ƙare.
Na daka gangamau, na kwaɓa da man riɗi,
na ɗebo laka a bakin kogi don cibiyoyin.
Kaza ta shigo ta tsince ƙwayar da ta zuba.
Goggo ta zo karɓar tulunta,
ta tsaya, ta daɗe,
sannan ta ce, "Ka manta gutsuren."
Na sa gutsuren.

Ran Juma'a na riƙo hannun Usta,
muka ƙetare lungu, yana ƙirga taku.
Ya fara da hanci.
"Riɗi? Wannan ba zai bushe ba sai mun mutu."
Ya miƙa yatsa, ya bi tudu da kwarin fentin,
ganye bayan ganye,
leɓensa na motsi kamar mai jan carbi.
A kan wanda ya sunkuya ya dakata.
Ya danna.

"Huɗu," in ji shi. "Kana da saura."
Ya shafe yatsan a farar jallabiyarsa,
ya nemi shayi.

Furannin na zuba wa tumaki.
Tulun ya koma gindin darbejiya, yana zufa.
Zanen na nan jingine da bango,
ƙuda na liƙewa, ina cirewa da tsinke.
A wuyan fure na uku
akwai shatin babban yatsa.
Sau biyu na ɗauki buroshi in gyara,
sau biyu Goggo ta kira ni cin tuwo.